Aikin Gayya Cikin Kwamfuta: Yadda A Ke Gane Inda Lokaci Ke Salwanta

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san yadda a ke gyaran katanga in damina ta ɗauke. Tun da sassafe za ka ga an hallara: waɗansu na haƙar ƙasa a bakin kududdufi, waɗansu na jido ruwa, waɗansu sun naɗe wando sun shiga kwaɓi, wani na tsaye gindin bango yana jefa curi sama, magini kuwa na bisa yana cafewa yana jera tubali. In aikin ya tafi daidai ba hannun da ke hutawa, kafin azahar bango ya tashi. Amma sau nawa ka wuce wurin gini ka ga mutum ashirin, goma sha biyar daga cikinsu na zaune a inuwa? In ka tambaya sai a ce ruwa ya yanke, mai kurar da ke kawo shi bai komo ba. Ko kuwa a ce kwaɓi ya taru, magini ɗaya ne, ba ya iya cinye abin da a ke jefa masa. La'asar na yi kuwa, mai gida zai biya kowa ladansa cif, da wanda ya yi gumi da wanda ya wuni yana hira.

Abin nan da mu ke gani a bakin katanga shi ne ke faruwa a cikin manyan kwamfutoci, sai dai can ido ba ya gani. Leburorin sun kai dubbai, wunin aikinsu kuwa bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka masana suka ƙago waɗansu manhajoji masu auna aikin, su zana shi a allo kamar taswira, har mutum ya nuna da yatsa ya ce, nan ne a ke zaman banza. Labarin waɗannan ma'aunai na ke so in ba masu karatu, domin darasin da ke ciki ya shafi malamin makaranta da akawu kamar yadda ya shafi mai kwamfuta.

MAFARIN ZANCE

Kwanakin baya na kai wa wani tsohon abokina ziyara a wata unguwa kusa da Ƙofar Doka. Akawu ne, ya yi shekaru yana riƙe da littattafan kuɗi kafin ya ajiye aiki. Na tarar da ɗansa a zaure, kwamfuta bisa cinya, fuska a murtuke. Yaron na karatun digiri na biyu a fannin lissafi, aikin da ya ɗauka kuwa shi ne lissafa yadda ruwan sama ke nutsewa cikin ƙasar gona, kamu bayan kamu, sa'a bayan sa'a. Kwamfutarsa ta kan kwana tana lissafi ba ta gama ba, saboda haka ya yi hayar wata mai ƙarfi ta intanet, tana can wata ƙasa, yana biya da dala kowace sa'a. Ya sa rai za ta ninka masa sauri sau hamsin. Da ya gwada, da ƙyar ta ninka sau biyu. Kuɗin da ya tara sun kusa ƙarewa, ranar miƙa aiki na matsowa, ga shi yana roƙon mahaifinsa ya ƙara masa, ya yi hayar wadda ta fi ta girma.

Tsohon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, “Kai yaro, ka ga inda lokacin ke tafiya da idonka, ko kuwa tsammani ka ke yi?” Yaron ya ce, “Baba, ai a fili ya ke, na'urar ce ba ta da ƙarfi.” Tsohon ya ce, “Mu a ofis, in kuɗi suka yi giɓi ba mu roƙon a ƙaro waɗansu sai mun bi littafi shafi shafi, mun ga ta inda suka zube. Je ka binciko littafinka tukuna.” Wannan dattijo bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma maganar da ya yi ita ce ƙa'idar farko ta masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya.

GWANI DA LEBURORI

Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa ta tsakiya, wadda masu sana'ar ke kira CPU. Ita ce gwanin magini: ta iya kowane irin aiki, tana da dabara, amma hannuwanta kaɗan ne, huɗu ko takwas a irin wadda a ke ɗorawa a cinya. Sa'an nan akwai wani kati da a ke sakawa a gefenta, ana kiransa GPU, mu a nan bari mu ce masa katin hanzari. Asali don zana hotunan wasanni aka yi shi, da ya ke hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuwa ana iya lissafa launinsa ba sai an jira na kusa da shi ba. Sai aka cika katin da ƙananan ma'aikata masu yawan gaske, ba mai wayo a cikinsu, amma suna iya yin abu ɗaya gaba ɗaya. Katin A100 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020 yana da irin waɗannan ma'aikata 6,912.

Masana suka lura cewa lissafin iska da ruwa da zafi ma haka ya ke, ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa hannuwa da yawa, watau a yi masa gayya. A 2007 Nvidia ya fitar da CUDA, hanyar rubuta wa katin umurni kai tsaye. A 2011 kamfanoni huɗu, Cray da CAPS da Nvidia da PGI, suka haɗu suka fito da OpenACC, wadda ta sauƙaƙa abin: mai rubutu ya sa alama a kan sashen da ya ke so a kai wa katin, sauran aikin kuwa manhaja ta yi. A 2012 aka kafa kwamfutar Titan a Oak Ridge ta Amurka da katunan hanzari 18,688. A 2022, a wurin dai, wadda a ke kira Frontier ta zama ta farko a jerin manyan kwamfutocin duniya da ta wuce lissafi biliyan sau biliyan a sakan ɗaya, tana cin wutar lantarki wajen megawat 21. Manhajojin nan masu fassara harshe da amsa tambaya ma, a kan irin waɗannan katuna a ke horar da su.

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai in yawan yana aiki.

MAI FITILA A TSAKIYAR ƊAKI

Wannan matsala ta girmi kwamfuta. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada lissafa yanayin sama da hannu a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da ya ke tuƙa motar ɗaukar masu rauni a Faransa. Ya shafe wajen mako shida kafin ya fitar da hasashen sa'a shida kacal, amsar kuma ba ta yi daidai ba. A littafin da ya buga a 1922 ya ƙiyasta cewa in ana so lissafi ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da yanayin duniya, sai an tara akawu 64,000 a wani ƙaton ɗaki, kowa da yankin taswirar da ya ke lissafawa, yana miƙa wa maƙwabcinsa amsa.

Abin lura a nan shi ne, Richardson bai tsaya ga tara akawu ba. Ya sa wani shugaba bisa wani dogon ginshiƙi a tsakiyar ɗakin, aikinsa shi ne ya tabbata kowa na tafiya daidai da kowa. In wani yanki ya yi gaba, sai ya haska masa fitila mai jaja-jaja. In wani ya yi baya, ya haska masa shuɗiya. Ba a taɓa gina ɗakin ba, amma mutumin ya hango gaskiyar al'amari: taro komai yawansa yana bukatar mai duba, mai duba kuwa da launi ya fi saurin ganewa bisa ga alƙaluma. Ma'aunan da mu ke magana a kansu jikokin wannan mai fitila ne.

ABIN DA GAYYA BA TA IYA YI

Akwai aikin da ba ya rabuwa. Dubi Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizo irin na wannan masallaci hawa-hawa a ke ɗaura shi da azara, kowane hawa sai ya bushe ya kama kafin a ɗora na bisansa. Ka tara lebura dubu, za su kawo ƙasa da ruwa nan da nan, amma ba za su sa laka ta bushe kafin lokacinta ba.

A 1967 wani injiniyan kwamfuta ɗan Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a kan na'urori, har yau da sunansa a ke kiran ƙa'idar. Ga lissafinta, kowane malamin firamare na iya sa shi a allo. Mu ƙaddara aiki na cin sa'a 10 a hannun mutum ɗaya. Sa'a 9 daga ciki na rabuwa, sa'a 1 ba ta rabuwa. In ka kawo ma'aikata 100, sa'a 9 ɗin za ta koma minti 5 da sakan 24, aiki duka ya zama sa'a 1 da minti 5 da 'yan kai. In ka kawo 1,000, za ta koma wajen sakan 32, aiki duka ya zama sa'a 1 da rabin minti. Ka ƙara ma'aikata 900, abin da ka samu bai kai minti 5 ba. Ko duniya ka tara, ba za ka sauka ƙasa da sa'a 1 ba, watau saurinka ba zai wuce ninki 10 ba.

To, tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce: a cikin aikina, ina sa'a ɗayan nan ta ke? Nan ne fa tsammani ke yaudara. A 1971 Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya auna manhajoji masu yawa da aka rubuta da harshen FORTRAN, ya tarar cewa galibi ƙasa da kashi 4 cikin 100 na rubutun ne ke cinye fiye da rabin lokaci. Wanda bai auna ba zai iya ɓata wata guda yana gyaran sashen da ba shi da laifi, ya bar jaki yana dukan taiki.

HANYA BIYU TA AUNAWA

Malaman makaranta sun san hanya biyu ta sanin abin da ke gudana a aji. Ta farko ita ce ta hedimasta mai leƙe: ya bi ta taga lokaci lokaci, ya rubuta abin da ya tarar ana yi. In ya leƙa sau ɗari ya tarar ana kwafar allo sau sittin, ya san inda lokacin ajin ke tafiya, bai kuwa dami kowa ba. Ta biyu ita ce ta rajista: duk wanda ya shiga ko ya fita a rubuta sunansa da sa'arsa. Wannan ta fi cika, amma tana cin takarda, tana kuma cin lokacin darasi. Ma'aunan kwamfuta ma haka su ke. Waɗansu na leƙawa sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan, waɗansu na rubuta kowane motsi da lokacinsa, da yawa kuma sun haɗa biyun.

Na farko-farko, irin su gprof da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1982, jerin alƙaluma su ke bugowa: wannan sashe ya ci kaza, wancan ya ci kaza. Ga ma'aikaci ɗaya wannan ya isa. Amma in ma'aikata sun kai dubu, jerin ba ya gaya maka wa ke jiran wa. Sai aka koma ga irin zanen da injiniya Henry Gantt ya yaɗa a masana'antun Amurka wajen 1910 zuwa 1915. Kamar jadawalin darussa ya ke: lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, kowane ma'aikaci da layinsa, inda ya ke aiki a shafa launi, inda ya ke zaune a bar fari.

Irin waɗannan ma'aunai suna da yawa. Akwai Vampir, wanda aka fara a cibiyar bincike ta Jülich aka ci gaba da shi a Dresden, duka a Jamus. Akwai TAU na Jami'ar Oregon a Amurka. Akwai Paraver na cibiyar manyan kwamfutoci ta Basalona a Sifen. Akwai VTune na kamfanin Intel. Ga katunan Nvidia, da can nvprof da Visual Profiler a ke amfani da su, sa'an nan daga 2018 kamfanin ya kawo biyu da suka gaje su. Nsight Systems shi ne mai hawa ganuwa ya hango gari duka. Nsight Compute kuwa shi ne mai shiga gida ɗaya ya duba ɗaki ɗaki. Ƙa'ida ita ce a fara da na bisa ganuwa.

CUTA HUƊU DA ZANE KE NUNAWA

Ta farko, cunkoso a ƙofa. A zamanin da ganuwa ke tsaye sosai, komai faɗin kasuwar birni, duk kayan da za su shiga sai ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Ƙofar Kuyambana da 'yan'uwansu, jaki bayan jaki. Katin hanzari ma birni ne mai ganuwa, yana da rumbunsa dabam da na uwar kwamfuta, tsakaninsu kuwa 'yar ƙofa ce. A katin A100 na farko, ma'aikata na iya ɗibar gigabait 1,555 a sakan daga rumbun cikin gida, amma ƙofar da a ke kira PCIe ta huɗu ba ta wuce wajen gigabait 32 a sakan, watau ta gaza da kusan ninki 50. A zane, jigilar kaya tana da layinta da launinta. In ka ga dogayen sanduna na jigila, tsakaninsu da ɗan siririn ɗigo na lissafi, ka san ma'aikatanka na wuni suna jiran ayari. Maganinta shi ne a shigar da kayan sau ɗaya, a bar su a ciki har a gama, ko kuwa a shirya yadda za a riƙa jigilar na gaba ana cikin lissafin na yanzu.

Ta biyu, farin fili a layin kati. Ma'aikata na shirye, kaya na ciki, amma gwani bai ba da umurni ba, domin yana can yana karanta fayil, ko yana buga rahoto, ko yana wani lissafi da ba a raba ba. Wannan ita ce sa'a ɗayan Amdahl ta fito fili. Wani lokaci kuma sai ka ga ayyuka ƙanana-ƙanana rututu kamar haƙoran mataji, da giɓi tsakanin kowane biyu. Kowane aika umurni yana da ɗan lokacin da ya ke ci. In ka aiki yaro kasuwa sau ɗari, kowace tafiya ya sayo ƙwayar gyaɗa ɗaya, tafiyar ta fi sayayyar. Sai a haɗa aiken ya zama kaɗan mai nauyi.

Ta uku, rabo marar adalci. Tsofaffin ma'aikatan En'e, waɗanda suka yi aiki kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun san wannan a lokacin haraji: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Baitulmali. Ko gundumomi duka sun kawo nasu, in ɗaya ta makara, Ma'aji ba ya rufe jimla. Haka in an raba lissafi tsakanin katuna da yawa ko kwamfutoci da yawa, a kan tsaya a ƙarshen kowane zagaye a yi musayar amsa. In an ba ɗaya kaso mai nauyi, sauran duka sai su tsaya. A zanen Vampir ko Paraver za ka ga layuka da yawa sun rine da launin jira, ɗaya tak yana ta fama. Laifin na mai rabo ne.

Ta huɗu tana can cikin gida, sai da ma'auni irin Nsight Compute a ke ganinta. A katunan Nvidia ma'aikata ayari-ayari su ke tafiya, 32 a kowane ayari, umurni ɗaya su ke bi. In rubutun ya ce masu kaza su bi dama, sauran su bi hagu, ayarin ba ya rabuwa biyu ya yi aiki gaba ɗaya. Sai waɗannan su yi nasu waɗancan na tsaye, sa'an nan a juya. Haka kuma in 32 ɗin na ɗibar kaya daga wuri ɗaya a jere, tafiya kaɗan ta ishe su, amma in kowa sai ya je lungu dabam na rumbu, tafiya ta yawaita. A 2009 masana uku na Berkeley, Samuel Williams da Andrew Waterman da David Patterson, suka kawo wani zane mai kama da rufin ɗaki, gefe ɗaya gangare kamar jinka, gefe ɗaya shimfiɗe kamar soro. Aikin da ya faɗa ƙarƙashin gangaren, ɗibar kaya daga rumbu ce ta daure shi. Wanda ya faɗa ƙarƙashin shimfiɗen, ƙarfin lissafi ne iyakarsa. Tazarar da ke tsakanin aikinka da rufin ita ce abin da ya rage maka na gyara. In ka taɓa rufi, ka huta, ba sauran abin nema a nan.

LISSAFIN RIBA DA HASARA

Bari mu sa wa cuta ta farko alƙaluma don a ga nauyinta. Mu ƙaddara aiki na cin sakan 100: sakan 10 karanta fayil, 40 shigar da kaya cikin kati, 10 lissafi, 40 fitar da amsa. In ka biya kuɗi ka yi hayar katin da ya ninka wannan saurin lissafi, sakan 10 zai koma 5, aiki ya zama sakan 95. In kuwa ka gyara 'yan layuka na rubutu, kayan suka zauna a ciki, sakan 80 na jigila zai kusa ɓacewa, aiki ya koma wajen sakan 20, ba ka kashe ko kwabo ba. Lura kuma da abin da ya biyo baya: karanta fayil, wanda da kashi ɗaya ne cikin goma, yanzu ya zama rabin aiki. Ka toshe ɓaraka ɗaya, wata ta bayyana. Don haka ba a auna sau ɗaya a ce an gama. A auna, a gyara abu ɗaya mafi girma, a sake aunawa.

HATTARA

Akwai tarkuna uku da sabon shiga ke faɗawa. Na ɗaya, agogo na iya yi maka ƙarya. Uwar kwamfuta ta kan miƙa wa kati aiki ta wuce abinta ba ta jira ya gama ba, kamar masinjan da ya ajiye takarda a tebur ya komo ya ce an yi. Wanda ya duba agogo a lokacin zai zaci aikin ya ƙare nan take, alhali ko farawa ba a yi ba. Na biyu, zagayen farko kullum ya fi nawa, domin a nan a ke tashin kati daga barci ana shirya masa wuri. Kada a yanke hukunci da shi. Awon kansa ma yana ƙara ɗan nauyi, musamman irin na rajista, saboda haka a kan auna ɗan yanki na aikin maimakon a auna dukansa. Na uku, wanda ya fi su muhimmanci, bayan kowane gyara a gwada amsa da ta asali. In an sāke jerin da a ke tara alƙaluma masu ɗigo, 'yan lambobin ƙarshe na iya bambanta kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Amma in amsar ta kauce sosai, an yi sauri ne zuwa ga kuskure, sauri kuwa ya haifi nawa.

YADDA TA ƘARE A ZAUREN

Bayan mako guda na koma gidan abokina. Yaron ya juyo mini allo ya nuna mini zanen aikinsa na da: dogayen sandunan jigila a jere, lissafin kuwa sai da ya faɗaɗa hoton kafin na gan shi. Ashe a kowane zagaye yana tura gonar duka cikin kati, ya sake fitar da ita, alhali sau ɗaya ya kamata ta shiga. Ya gyara wannan, ya sake aunawa, ya ga rahoton da ya ke bugawa kowane zagaye shi ne ya koma cin lokaci, ya mai da shi jefi-jefi. Aikin da ke cin dare ya koma abin da a ke gamawa tsakanin magariba da lisha, a kan na'urar nan dai da ya ce ba ta da ƙarfi. Mahaifinsa bai ce komai ba, sai murmushi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Zariya gari ne na lissafi da rajista tun ba yau ba. A 1947 aka buɗe makarantar koyar da aikin akawu, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo; a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda cibiyarta ta kwamfuta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Tambayoyin da ke gaban 'ya'yanmu a Samaru da sauran wurare, na damina da iri da ruwan ƙasa da koya wa na'ura harshen Hausa, duk masu cin lissafi ne. Afirka ta Kudu ta kafa babbar kwamfutarta Lengau a 2016, Maroko ta buɗe Toubkal a 2021. Ɗalibinmu kuwa sau da yawa da kuɗin aljihun iyayensa ya ke hayar sa'o'i, ga wuta na zuwa tana ɗaukewa. Wanda rumbunsa ya cika zai iya barin kaji su ci. Mai mudu ɗaya dole ya ƙirga.

Abin farin ciki, da yawa cikin ma'aunan nan, irin su Nsight da TAU da Paraver, kyauta a ke samunsu. Ana kuma iya yin awon can a na'urar haya, a sauko da fayil ɗin rahoto, a kashe hayar, sa'an nan a zauna a zaure a yi nazarin zanen a ƙaramar kwamfuta a natse.

Shawarata ga malamai ita ce, kada a jira sai yaro ya isa jami'a. A sa 'yan aji su auna sharar makaranta ko rabon littattafai da agogo, su ja wa kowa layinsa a allo, su shafa inda ya yi aiki, su bar inda ya tsaya, sa'an nan a tambaye su wa ya jira wa, don me. Ga ma'aikatan ofis kuwa, kafin a rubuta takardar neman ƙarin ma'aikata ko sabuwar na'ura, a bi fayil ɗaya daga teburin farko zuwa na ƙarshe, a rubuta kwana nawa ya yi ana aiki a kansa, kwana nawa ya yi a kwance. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu ikon duba aikinmu da idon gaskiya, amin.